Man zafi ko jel: wanne ya dace da gwiwar Inna?

Tambaya: «Assalamu alaikum. Ni ɗan kabu-kabu ne a nan Damagaram, unguwar Zango. Mahaifiyata ta haura shekara 60, gwiwoyinta sun daɗe suna damunta, har sujada ta fara gagarar ta. Tana da hawan jini, kuma an taɓa ce mata tana da olsa. Ni ma shekaranjiya na faɗi da moto na yi targaɗe a idon sawu, ga ciwon ƙugu duk ranar da na wuni a kan hanya. Na shiga farmasi na tarar da man shafawa iri-iri: wani mai zafi, wani mai sanyi, wani kuma jel ne da ba a jin komai in an shafa, amma ya fi su tsada. Inna ta ce mai zafin za a kawo mata, wai shi ne mai ƙarfi. Wanne zan saya, kuma za mu iya shafa iri ɗaya ni da ita?»

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya ba Inna lafiya, kai kuma Allah ya kiyaye gaba. Tambayarka ɗaya ce, amma ciwo uku ne a cikinta: tsohon ciwon gwiwa irin na manya, sabon targaɗe, da ciwon ƙugu na zaman moto. Kowane da abin da ya fi dacewa da shi. Abin da nake so ka fara riƙewa shi ne, zafin da mutum ke ji a fata ba shi ne ma'aunin ƙarfin magani ba. A kan wannan maganar muke shan muhawara da iyayenmu a kan kantar farmasi kullum.

Gida biyu ne, ba ɗaya ba

Duk tarin nan da ka gani a farmasi, mafi yawansa gida biyu ne. Gida na farko shi ne man zafi da muka taso muka tarar, irin su Robb, Aboniki, Mentholatum, Baume du Tigre da Deep Heat. Sunaye ne suka bambanta, amma abin da ke ciki kusan dangi ɗaya ne: mentol, kafur, man turare na yukaliptus, da wani sinadari ɗan'uwan asfirin mai suna metil salisilat, wanda shi ke ba da ƙamshin nan da ake jiyowa tun daga zaure. A fatar mutum akwai jijiyoyin da aikinsu jin sanyi da zafi. Mentol yana taɓa masu jin sanyi, su kai wa ƙwaƙwalwa labari cewa wurin ya yi sanyi alhali bai yi ba. Metil salisilat da kafur suna tsokanar fata, jini ya taru, wurin ya yi ja ya ɗau ɗumi. Sai ƙwaƙwalwa ta shagala da wannan sabon labari, ciwon da ke ƙasa ya lafa na ɗan lokaci. Kamar mai ciwon haƙori ne da aka kaɗa masa ganga a ƙofar gida: hankalinsa ya koma waje, amma haƙorin na nan yadda yake. Wannan ba camfi ba ne, binciken yadda jijiyoyi ke gane zafi da sanyi da taɓi ne ya sa aka bai wa David Julius da Ardem Patapoutian kyautar Nobel a 2021. Sauƙin na gaskiya ne, sai dai gajere ne, kuma ba ya rage kumburi.

Gida na biyu shi ne jel ɗin da ka ce ba a jin komai. A jikin kwalin za ka ga an rubuta diclofénac, ko ibuprofène, ko kétoprofène, ko acide niflumique. Voltarène Emulgel da Niflugel da Ketum duk ƴan wannan gida ne. Maganin da ke ciki shi ne dai wanda ke cikin ƙwayoyin ciwon jiki da ake haɗiya, sai dai an narka shi yadda zai ratsa fata. Idan gaɓa ta ji rauni ko ta lalace, jiki na fitar da wani sinadari da ake kira prostaglandin, shi ke kawo kumburi ya kuma sa jijiyoyi su riƙa jin ciwo fiye da kima. Aikin jel ɗin shi ne rage fitar wannan sinadari a daidai wurin da aka shafa. Shi ya sa ba ya ihu a fata. Aikinsa a ƙasa yake, kuma a hankali.

An gwada su, ba sau ɗaya ba. Ƙungiyar Cochrane, wadda ke tattara sakamakon gwaje-gwajen magani daga ƙasashe daban-daban, ta fitar da nazari a 2015 a kan targaɗe da ciwon tsoka na kwana-kwanan nan. Cikin mutum 10 da suka shafa jel ɗin diklofenak mai kyau, kimanin 7 zuwa 8 ciwonsu ya ragu sosai cikin mako guda, yayin da masu shafa jel ɗin da babu magani a ciki 2 ko 3 ne kawai suka samu haka. A tsohon ciwon gaɓoɓi irin na Inna kuwa tazarar ba ta kai haka ba: nazarinsu na 2016 ya nuna kusan 6 cikin 10 sun samu sauƙi da jel mai magani, kusan 5 cikin 10 da marar magani. Ka ga ke nan ita kanta murzawar da kulawar suna da nasu rabo. Man zafi mai salisilat kuwa, hujjarsa a irin waɗannan gwaje-gwaje mai rauni ce.

Gwiwar Inna

Ban ga gwiwar ba, kuma ba a gane ciwo ta wasiƙa. Amma mace mai shekara 60 da ƴan kai, gwiwa biyu, ciwon da ke ƙaruwa in an durƙusa ko an tashi daga tabarma, galibi lalacewar guringuntsin gaɓa ne, wanda mutanenmu ke sakawa cikin sanyin ƙashi. Idan haka ne, jel ɗin diklofenak nake zaɓa mata. Gwiwa tana kusa da fata, babu nama mai kauri a tsakani, maganin na iya isa. Haka ma yatsun hannu, wuyan hannu, gwiwar hannu da idon sawu. Kwatangwalo da ƙashin baya kuwa suna da zurfi, jel ba ya kai musu yadda ya kamata. Hukumomin lafiya na Ingila da likitocin gaɓoɓi na Amurka duk sun sa irin wannan jel a gaba da ƙwayoyin haɗiya wajen ciwon gwiwar manya.

Babban dalilin kuwa shi ne olsar da ka ambata da hawan jinin. Diklofenak ko ibuprofen ko piroksikam na haɗiya suna cin bangon ciki, suna wahalar da ƙoda, suna kuma iya ɗaga hawan jini su rage wa maganinsa ƙarfi. Wanda aka shafa a fata, abin da ke shiga jini bai wuce wajen kashi 6 cikin 100 na abin da zai shiga da haɗiya aka yi ba. Don haka tambayar da zan fara yi wa Inna da tana gabana ita ce: «Hajiya, me kike sha in gwiwar ta matsa?» Sau da yawa sai a kwance bakin zane a fito da ƴan ƙwayoyi a ƙulle a leda, ja da fari da ruwan ɗorawa, waɗanda aka saya wurin mai talla, babu kwali babu suna. Wani lokaci akwai ƴan gidan diklofenak biyu a cikin ƙullin guda. Wannan ƙullin ya fi damuna fiye da kowane man shafawa. In tana sha, a daina. In ciwon ya yi tsanani ta haɗa jel ɗin da parasetamol, kada ya wuce giram 3 a yini.

Kashi 6 kaɗan ne, amma ba sifili ba ne. Idan olsar tana tashe yanzu, ko ta taɓa yin baƙin bayan gida ko aman jini, ko an ce ƙodarta ta taɓu, ko tana shan maganin tsinka jini, ko asfirin na tayar mata da asma, to kada a fara sai likita ya gan ta.

Yawan abin da ake shafawa shi ne inda aka fi yin asara. Gwiwa ɗaya tana buƙatar giram 2 zuwa 4 a kowace shafawa, wato daga girman magarya babba zuwa girman aduwa, sau 3 ko 4 a yini idan jel ɗin mai kashi 1 cikin 100 ne. Yi lissafi da kanka: giram 2 sau 3, giram 6 ke nan a yini, mazubi mai giram 50 zai ƙare a kwana 8 a kan gwiwa ɗaya tal. Amma sai ka ga tsohuwa ta lakato ɗan mitsitsi da kan yatsa, sau ɗaya da dare, mazubi ɗaya ya kai ta wata biyu, sannan ta ce maganin Nasara ba ya ji. Ba laifinta ba ne, tattali take yi, ta san da guminka aka saya. Kai ne za ka nuna mata adadin da idonka. A shafa gaba da gefe biyu na gwiwar, a murza a hankali har ya shige, a bar shi ya bushe kafin a saki zane, kada a yi wanka sai bayan awa guda. Abin da na ga ya fi zama a kan mutanenmu shi ne a ɗaura shi da salla: bayan Asuba, bayan Azahar, bayan Isha'i. Gwiwa ba ta cikin gaɓoɓin alwala, don haka ruwa ba zai wanke shi ba. Wanda ciwonsa a yatsu ko idon sawu yake, ya shafa bayan alwala, ba kafin ta ba.

Kuma a yi haƙuri da shi. A tsohon ciwo yakan ɗauki mako guda ana shafawa ba fashi kafin a ga bambanci. In an yi mako uku babu wani canji, ba sai an ci gaba da zuba kuɗi ba, a kai ta CSI, wato ƙaramin asibitin unguwa, ko babban asibiti a duba. Ka sani kuma babu man da ke mayar da guringuntsin da ya cinye. Abin da ke riƙe gwiwa shi ne tsokar cinya: ta zauna a kujera ta miƙe ƙafa, ta riƙe ta ƙirga goma, ta sauke, ta maimaita, safe da yamma. In tana da jiki, rage ƙiba ko kaɗan ne yana sauke wa gwiwa kaya. Sanda ma ba abin kunya ba ce, a hannun da ke ɗaya gefen gwiwar da ta fi ciwo ake riƙe ta.

Idon sawunka da ƙugunka

Targaɗen shekaranjiya shi ne inda jel ya fi nuna kansa, don haka eh, jel iri ɗaya zai yi muku kai da Inna. Amma kafin nan ka gwada: za ka iya taka ƙafar ka yi taku huɗu? In ka danna kan ƙashin idon sawun ta baya, akwai zafi mai tsanani? In ba ka iya takawa, ko ƙashin kansa ke ciwo, hoton ƙashi kake buƙata, ba man shafawa ba. Tsagewar ƙashi na yin kama da targaɗe sosai. Ina ganin girman masu ɗori, akwai masu hannu a cikinsu, amma a fara ganin hoto kafin a ja ƙafa.

In targaɗe ne kawai, kwana biyun farko sanyi yake so. Ƙanƙarar leda a naɗe a tsumma, minti 15 zuwa 20, ka ɗaga ƙafar a kan matashi, ka ɗaure da bandeji ba tamau ba. Man zafi da tausa mai ƙarfi da gashi a wannan lokaci ƙara tara jini suke yi a wurin da dama ya kumbura. Sannan wanda ya faɗi da moto da wuya ya rasa ƙujewa: kada jel ko man zafi ya taɓa inda fata ta buɗe. In mako ya cika ba ka ga ci gaba ba, a duba.

Akwai guda ɗaya da zan hana ka kai musamman, wato ketoprofen. Yana aiki ƙwarai, amma ba ya shiri da rana. Inda aka shafa shi in rana ta buga, fata na iya yin ja, ta yi ƙaiƙayi, ta ɗuri ruwa kamar ƙuna, wani lokaci ya bazu har inda ba a shafa ba. Dole a rufe wurin duk tsawon maganin da mako biyu bayan an daina. Saboda haka ne hukumar magunguna ta Turai ta ce a 2010 a daina bayar da shi sai da takardar likita. Mutumin da ke wuni a kan moto da silifa a ranar Damagaram ba shi da hurumi da wannan jel.

Ƙugu kuwa, nan ne man zafin Inna yake da wurin zama. Tsokokin baya suna da kauri, jel ba ya yin abin a zo a gani a can, ciwon kuma na gajiya ne da girgizar hanya da zama wuri ɗaya. Ka shafa man zafi kaɗan da dare a murza maka, za ka ji daɗi ka yi barci. Da rana ka riƙa sauka kana miƙe jiki tsakanin fasinja da fasinja. Kwanciya ta kwana da kwanaki ƙara sandarar da baya take yi. Tramol kuwa, wanda na san ana miƙa wa juna a tasha da sunan maganin gajiya, kada ka fara.

Inda man zafi ke cutarwa

Saboda mun saba da shi, mun ɗauke shi kamar man kaɗe. Ba haka yake ba. A 2012 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa irin waɗannan mayuka sun ƙona wasu mutane ƙuna ta gaske, galibi waɗanda mentol ɗinsu ya haura kashi 3 cikin 100 kuma metil salisilat ya haura kashi 10. Abin da na fi gani a wurin aiki shi ne haɗa zafi biyu: a lafta mai, a kawo tsumma da tafasasshen ruwa a gasa, ko a naɗe da leda a kwana. Da safe sai ka ga fatar ta yi shatin tsumman, ta tashi ƙulu-ƙulu da ruwa. A zaɓi ɗaya, ko gashi ko mai. Mai ciwon sukari da ƙafarsa ta fara mutuwa shi ya fi shiga haɗari, don ba zai ji ƙunar ba sai ta zama gyambo. Ɗumi ake nema. In ya koma raɗaɗi, a wanke da sabulu da ruwan sanyi.

Sai yara. Kafur na iya sa ƙaramin yaro farfaɗiya in ya haɗiya, ko in an cika shafa masa. Kada a sa wa yaron da bai kai wata 30 ba, kada a tura a hanci, kada a narka a ruwan zafi ko shayi a sha da sunan maganin tari, kuma kada a kusanci cibiyar jariri da shi. Tsantsar man metil salisilat cokalin shayi ɗaya daidai yake da wajen giram 7 na asfirin, ya isa ya halaka yaro. Ƴar kwalbar nan a ɗaga ta sama, ba a ƙarƙashin matashin kaka ba inda jikoki ke wasa. Shi ma jel ɗin diklofenak ba na ƴan ƙasa da shekara 15 ba ne sai da izinin likita, kuma mai juna biyu haramun ne gare ta daga shiga wata na 6, kafin nan ma sai ta tambaya.

Za ka iya cin karo da mai ɗauke da kapsaisin, sinadarin da ke sa barkono yaji. Shi dabam yake: in ana shafa shi sau 3 ko 4 kullum, jijiyoyin ciwo na gajiya su yi shiru, amma sai bayan mako 2 zuwa 4, kuma kwanakin farko raɗaɗi yake yi. Yana taimaka wa wasu masu ciwon gwiwa da ciwon jijiya. Matsalarsa a wurinmu hannu ne: wanda ya shafa bai wanke da sabulu sosai ba, ya je alwala ko tsarki, zai ba da labari. Akwai kuma mayukan da sunansu ke ƙarewa da «sone» ko «sol», irin su bétaméthasone da clobétasol. Waɗannan na cututtukan fata ne, su ne ma ake karkatarwa wajen bilicin. Ba sa maganin ciwon gaɓa, sai dai su sirantar da fata.

Ciwon da ba na shafawa ba ne

Akwai inda ni kaina ba na miƙa mai, sai dai in nuna hanyar asibiti. Gaɓa ɗaya da ta kumbura farat ɗaya, ta yi ja, ta yi zafi, ga zazzaɓi. Yaro mai ciwon ƙashi, musamman in akwai sikila a gidan. Sha-raɓar ƙafa ɗaya da ta kumbura tana ciwo ba tare da an buge ba: wannan kada ma a tausa, yana iya zama gudan jini. Ciwon baya da ke sauka ƙafa har ta yi rauni, ko fitsari ya riƙa kuɓucewa, ko ya zo da rama da gumin dare, don tarin fuka na kama ƙashin baya. Da ciwon kafaɗa ko hannun hagu mai tafe da nauyin ƙirji, balle ga mai hawan jini kamar Inna.

Wajen saye

Ka karanta sunan maganin da ke ƙasa da ƙananan baƙaƙe, ba babban sunan kamfani ba. Ka ce wa mai farmasi kana son jel ɗin diklofenak mai kashi 1, ya nuna maka masu sauƙin kuɗi. Wasu jel ɗin, musamman masu zuwa daga Indiya, an haɗa diklofenak da mentol da metil salisilat a mazubi ɗaya. Ga tsohuwar da ba ta yarda da maganin da ba ta ji a jikinta, wannan na iya raba gardama, amma dokokin man zafi duk sun hau kansa: ba gashi, ba leda. In kuma ta dage sai ƴar kwalbarta, a bar mata, sai dai kada a haɗa su lokaci guda a wuri guda.

Ka saya a farmasi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa 1 cikin 10 na magunguna a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko marasa inganci. Ko na gaskiyar ne, galibi an rubuta a ajiye shi ƙasa da digiri 25 ko 30, mu kuwa a Afrilu da Mayu muna haura 40. Wanda ya wuni a faranti a kan mai talla a kasuwar Dole, ko a cikin akwatin moto, ya sha wuta. Ka duba ranar lalacewa da lambar zubi a gindin mazubin, in maganin ɗan Najeriya ne ka nemi lambar NAFDAC, hukumar kula da magunguna ta can. In ka matsa ka ga ruwa ya fara fitowa dabam kafin jel ɗin, ya rabu, kada ka karɓa. A gida a ajiye shi a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da taga.

In ka samu mai kashi 2 cikin 100, kada tsadarsa ta kore ka kafin ka yi lissafi. Shi sau 2 kawai ake shafa shi, safe da dare, giram 2 a kan gwiwa, don haka mazubi mai giram 50 zai kai kwana 12 maimakon 8. Ka raba kuɗin kowane da kwanakin da zai yi, sannan ka zaɓa.